Baiwar Allah ta Kan Dutse

Kowane yaro a Giginyu ya san baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan mai sauka tsakar gida tana tsintar tsaba a gindin turmi. Amma ba kowa ya san tana da 'yar'uwa wadda ba ta zaman gari ba. Ita wannan a duwatsun ƙasar Jos take zaune, da na Mandara, can kan iyakar Kamaru.

Tsawonta kamar inci huɗu ne. Namijin bayansa ja ne kamar jini, bakinsa kuwa ruwan toka, ba ja irin na ta gida ba. Bibbiyu suke kiwo, miji da mata, suna cin 'ya'yan ciyawa a tsakanin duwatsu. Da rani sai sun yi nisa su sami ruwa.

Yadda aka gano ta abin mamaki ne. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu a Jos, malalaci ne, ba ya yin sheƙa. Macen takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah ta dutse, a ƙyanƙyashe mata, a yi mata reno. In ɗan ya girma namiji ne, sai ya riƙa kwaikwayon kukan masu riƙonsa. Wani masani mutumin Amurka, Robert Payne, ya saurari kukan nan, ya ji ashe na wata tsuntsuwa ne da ba ta cikin littattafai. Ya yi ta bin diddigi har ya same ta, ya bayyana ta ga duniya a 1998.

To, tsuntsuwar da duk duniya ba ta da gida sai 'yan duwatsun nan, bai kamata a raba ta da su ba. Mafarauci yakan cinna wa ciyawa wuta saboda gafiya guda, ya ƙone abincinta da maɓoyarta. Masu fasa dutse su kwashe sauran. Wannan ɓarna ce, kuma biyu ce, gama in ta ƙare, baƙin tsuntsun nan ma ya rasa mai reno.

A Amurum, kusa da Jos, an keɓe daji an hana ƙuna da farauta. Can ɗalibai ke zuwa da sassafe, ba da danƙo ba, da tabarau mai jawo nesa, su zauna shiru har ta fito kiwo.