A Ƙyale Mai Kallon Mawaƙa

A birnin Yawunde ta ƙasar Kamaru, daga Birketari, unguwar Hausawa mai teloli da masu tsire, har zuwa gidajen Cité Verte, ba a rasa wani irin saurayi wanda kowa ya san halinsa. Da rana yana bakin keken ɗinki ko kan babur yana neman abinci. Da dare kuwa, sa'ad da tsararsa suka tafi kallon ƙwallo ko fim ɗin Indiya, shi sai ya koma gefe ya kunna fim ɗin mawaƙa. Ba ruwansa da labarin faɗa ko na soyayya. Abin da yake so shi ne ya ga mawaƙi a tsaye gaban jama'a, gumi yana zuba, makaɗa suna bayansa. Yayyensa masu irin wannan hali kaset na bidiyo suke tarawa a kwali, daga baya faifai, shi kuwa nasa duk suna cikin waya. Yakan kalli abu ɗaya sau goma bai gaji ba, ya kuma dami kowa da labarinsa.

Iyaye da waɗansu dattawan ikkilisiya sun yanke masa hukunci tun tuni. Suna ce da shi shashasha, mai ɓata lokaci. Sukan ce waƙa ta kunne ce, wanda ya ji ta a rediyo ya gama, ina ruwan ido? Dattawan nan sun yi kuskure, kuskurensu kuwa yana jawo hasara wadda ba shi kaɗai za ta shafa ba.

A fara da maganar kunne. Wanda ya ji Ɗan Maraya Jos a rediyo kawai zai yi tsammani babban molo ne a hannunsa. Sai ya gani da ido zai san kuntigi ne, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya, irin wanda akan yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. Yadda mutum ɗaya yake cika fili da wannan ɗan abin, kunne ba zai faɗa masa ba. Kalangun Mamman Shata ma haka ne. Muryar kalangu tana hawa tana sauka ne domin makaɗi yana matsa igiyoyinsa a hammata yana saki, 'yan amshi kuma suna duban bakin ubangidansu su san inda za su karɓa. Matan Barmani Choge suna zaune gaban ƙwarya, ita tana tsaye tana juyi, mata suna guɗa. Rabin amada ke nan, faifan murya kuwa bai ɗauke shi ba. Gani ya kori ji. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Yaron da aka haifa bayansu ba shi da wata hanyar ganin hannuwansu sai ta hotunan da wani ya damu ya ɗauka, wani kuma ya damu ya ajiye.

Shi wannan saurayi ya san darajar ajiya, gama finafinan da yake ƙauna yawancinsu da ƙyar suka tsira. A watan Janairu na 1972 Aretha Franklin, ɗiyar fasto ce kuwa, ta shiga wata majami'ar Baptis a birnin Los Angeles ta Amurka, ta yi dare biyu tana raira waƙoƙin sujada tare da Rabaran James Cleveland da ƙungiyar mawaƙansa. Faifan muryar, mai suna Amazing Grace, ya fita a shekarar, aka sayar da fiye da miliyan 2. An ɗauki hoto kuma, amma masu ɗauka suka yi sakaci da ɗan allon da akan buga domin a daidaita murya da hoto, sai aikin ya gagara haɗuwa. Da aka gyara shi bayan shekaru masu yawa, ita kanta ta hana a nuna. Bai fito ba sai 2018, bayan rasuwarta, shekara 46 ke nan. Miliyoyin mutane sun ji faifan nan shekara da shekaru, amma ba su ga Cleveland ya bar bakin piyano ya zauna yana kuka ba, ba su kuwa ga mahaifinta ya taso yana share mata gumi tana cikin waƙa ba. Ko dattijon da ya fi kowa tsanani, in ya kalli wannan, da wuya ya kira shi wasan banza.

A Afirka ma haka ta faru. A Satumba 1974 aka yi bikin kiɗa na kwana 3 a Kinshasa, gab da damben Muhammad Ali da George Foreman. James Brown ya zo, da Miriam Makeba, da Franco, da Tabu Ley. Yawancin hotunan suka kwanta a ajiye har 2008, sa'an nan aka haɗa su aka fitar da fim mai suna Soul Power. A cikinsa ana ganin Manu Dibango, ɗan Kamaru. Ya rasu a 2020.

Labarin gida ya fi wannan ciwo. Kamaru ba ta sami gidan talabijin ba sai 1985. Anne-Marie Nzié, wadda ta rasu a Yawunde a 2016, ta yi kusan shekara 30 tana waƙa kafin ƙasarta ta sami tashar da za ta nuna fuskarta. Ga kuma ƙungiyar Les Têtes Brûlées, samarin Yawunde masu kiɗan bikutsi, waɗanda sukan aske kai su shafa farin fenti a jiki. Mai jitarsu, Zanzibar, yakan cusa soso ƙarƙashin tsirkiyoyi domin jita ta yi ƙara irin ta balafon, abin kiɗan nan na katako. Ya mutu a 1988 bai kai shekara 30 ba. Jean-Marie Teno ya sa shi cikin fim ɗinsa na wannan shekara, Bikutsi Water Blues, wata Bafaranshiya kuma, Claire Denis, ta bi ƙungiyar zuwa Faransa ta fitar da Man No Run a 1989. Ba domin 'yan hotuna irin waɗannan ba, da yau gardama ake yi a kan yadda suke kiɗa.

Wurin kallon ma an bar shi ya mutu. A Janairu 2009 aka rufe silimar Abbia, ta ƙarshe a Yawunde, a cikin watan nan kuma aka rufe Wouri ta Duwala. Babban birnin ƙasa ya yi shekara 7 ba gidan silima na kasuwanci, sai a 2016 aka buɗe wani a harabar jami'a. A tsawon wannan lokaci ƙananan ɗakunan kallo na unguwa da kwalayen masu tara kaset su ne suka riƙe abin da ya saura.

To, yanzu sai a juyo kan masu zargin. Su ma suna hayar mai bidiyo. Ba a bikin aure, ko keɓe fasto, ko taron zumuntar mata, sai an kira shi an biya. Amma mai karatu ya ɗauko kaset ɗaya daga cikinsu ya duba abin da ke ciki. Zai ga teburin manyan baƙi, da wanda ya miƙa ambulan, da jawabin shugaban taro daga farko har ƙarshe, da tarin abinci. Sa'ad da matan zumunta suka tashi da tulunansu da cakinsu, mai bidiyo yakan ɗauki minti ɗaya, ya yanke waƙar a tsakiya, ya mai da na'ura kan wani mai babbar riga yana gyangyaɗi. Tsohuwar da ta tsara waƙar, wadda take ba da baiti sauran suna amsawa, ko fuskarta ba a gani sosai. Ba laifin mai bidiyo ba ne, abin da masu biya suke so ke nan. Yau da kowa yake da waya abin bai gyaru ba, guntaye ne na rabin minti, ana ɗaga hannu ana rawa da su, wayar ta ɓace su ɓace tare.

Masu bi sun fi kowa sanin irin wannan rashi. A kan waɗansu Zabura akwai ɗan bayani ga shugaban mawaƙa, ana ambaton kayan kiɗa da sunan karin da za a raira da shi. Kalmomin sun iso, ana karanta su kowace Lahadi, amma ba mai rai da ya san yadda karin yake. Mutanen zamanin Dauda ba su da na'ura, ba a ga laifinsu ba. Ikkilisiyar da ke da na'ura a aljihun kowane matashi, ta kuma bar waƙoƙin iyayenta mata su bi su kabari, wane uzuri gare ta?

Ba a ce duk fim ɗin mawaƙa abin kirki ne ba. Akwai masu ƙawata maye da lalata, akwai kuma waɗanda 'yan wasa suke kwaikwayon mawaƙin da ya mutu, a yi masa ƙari a rage abin da ba a so. Uba yana da iko ya zaɓa wa 'ya'yansa. Shi mai kallon ma yana da nasa laifi in faifan sata yake saye, gama mawaƙin da yake cewa yana ƙauna bai ci ko sisi a ciki ba. A tsauta masa a kan wannan. Amma tsautawa dabam, raini dabam.

Yawunde tana da damina biyu a shekara, kaset ɗin bidiyo kuwa ba ya shiri da laima. Waɗanda aka ɗauka a bukukuwan 1990 da 'yan kai suna cikin kabad a gidajen Cité Verte da ofisoshin majami'u, fumfuna tana cin su, na'urar kunna su ma sai an sha nema. A cikinsu, tsakanin jawabi da jawabi, akwai minti ɗaya ɗaya na tsofaffin da ba su nan yanzu. Mutumin da ya san inda za a samo na'urar, ya san yadda za a juye kaset cikin kwamfuta, yake kuma da haƙurin zama awa 3 yana jiran minti ɗayan nan, shi ne saurayin da ake ce wa shashasha.