RA'AYINMU: Zuma Da Zaƙi Da Harbi

Shekarun baya, yaro a Ribah ba ya wuce ƙuli-ƙuli da alewa da ƙosai in ya sami 'yan kuɗin tara. Yau kuwa, daga hedikwatar Danko/Wasagu har cikin garin Zuru, kek da biskit masu cakulan sun shiga kantuna da ƙofofin makarantu, har bukin aure da na suna ba su cika sai an yanka kek. Ba mu ƙyamar sabon abu, amma wajibi ne mu tambayi abin da muke zubawa a cikin 'ya'yanmu.

Da farko, shi koko wanda ake yin cakulan da shi, ba kokon gero da muke sha da safe ba, amfanin gona ne mai daraja. Da kuɗinsa aka gina Cocoa House a Ibadan a 1965. Masana sun sami wasu sinadarai a cikinsa masu taimakon jijiyoyin jini. Sai dai ɗanyen koko ɗaci gare shi, kuma don a kashe ɗacin nan ne ake tula sukari da mai. Da farashin koko ya haura dala 10,000 kowane tan a 2024, mai gashin kek ya ƙara samun dalilin rage koko ya cike gurbin da launi da bota mai arha. Ashe sau da yawa sunan cakulan kawai ake saye, sukari da fulawa ake ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta bayar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga cimarsa a yini. Ga baligi, wannan kimanin giram 50 ke nan, wato ƙaramin cokali 12. Ma'aikacin da ya karya da shayi mai kauri, ya bi da yankan kek da kwalbar lemo da rana, ya riga ya ƙetare iyaka. Abin da ke biyo baya sananne ne: ruɓewar haƙori ga yara, ƙiba da ciwon sukari ga manya. Ciwon sukari kuwa ba baƙon kwana biyu ba ne, yana iya cinye albashin magidanci har ƙarshen rayuwarsa.

Dokoki akwai su. Tun zamanin marigayiya Dora Akunyili hukumar NAFDAC ta hana sa sinadarin bromate a burodi, dokar kuɗi ta 2021 kuma ta aza harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Amma dokar da ta tsaya a Abuja da Birnin Kebbi ba ta tsare yaron Ribah ba.

Saboda haka muna kira ga Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu da ta tashi ma'aikatan duba-gari su riƙa leƙa gidajen burodi. Shugabannin makarantu su lura da abin da ake tallawa a ƙofarsu. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru kuma ta nuna wa masu gashi yadda za su haɗa fulawa da garin dawa da gyaɗa, waɗanda ƙasar Zuru ke nomawa, su kuma rage sukari.

Iyaye da ɗalibai, kek abin marmari ne na ranar buki, kada ya zama abincin kullum. Rigakafi dai ya fi magani.