A tona ƙasar Icirnawa a nemo magani

Duk manomin Icirnawa ya san ƙamshin da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu suna Streptomyces, ke fitar da shi. Daga danginsu aka samo da yawa daga cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da asibitocinmu ke ba marasa lafiya, har da tetracycline, kafson nan ja da rawaya da ake tallarsa a kan tire ranar kasuwa.

Yau waɗannan magunguna suna rasa kaifinsu. Mutum ya sayi ƙwaya biyu, ya ji sauƙi, ya daina sha. Kaza ta kwanta, a zuba mata kafso a ruwa. Ƙwayar cutar da ta tsira sai ta hayayyafa, gobe ba ta jin maganin. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda cututtukan da suka bijire wa magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Wato wutar a gemunmu take.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da ɗalibanmu za su shiga farautar sabon magani. Ɗalibi ne, Albert Schatz, ya gano streptomycin a cikin ƙasa a 1943 a jami'ar Rutgers ta Amurka, maganin da ya fara karya lagon tarin fuka. A 2012 Farfesa Jo Handelsman ta fara wani shiri a jami'ar Yale inda ƴan ajin farko ke ɗebo ƙasa, su shuka halittun cikinta a faranti, su duba wadda ta hana maƙwabtanta girma. Shirin ya bazu ƙasashe da dama domin kayan aikinsa ba su da tsada.

Me zai hana Jami'ar André Salifou ta Damagaram yin haka? Ƙasar gindin gawo, da lakar fadamun rake na Matameye, da jigawar gero mai zafin rana, kowace da irin halittunta. Ɗan Icirnawa da ke karatu a Damagaram zai iya ɗebo su a hutu cikin leda.

Masu cewa sau da yawa abin da aka riga aka sani ake sake ganowa, kuma daga faranti zuwa kantin magani sai an share fiye da shekara 10, gaskiya suka faɗa. Amma ɗalibin da ya ga ƙwayar cuta tana yaɗuwa a gefen maganin da ya kamata ya kashe ta, ba zai yarda ƙanwarsa ta yanke shan magani a tsakiya ba. Ga shi kuma ya koyi aikin ɗakin gwaji, hannun da asibitocinmu ke matuƙar nema.

Ina kira ga shugabannin jami'ar su sa wannan darasi a ajin farko na ilimin halittu, su haɗa hannu da cibiyar CERMES ta Yamai wajen tantance abin da aka samu. A kuma rubuta yarjejeniya tun yanzu: duk maganin da ya fito daga ƙasarmu, da sunan ɗalibinmu a kai, da rabon mutanen garin da aka ɗebo ƙasar.