Indiya: Rikicin Bodh Gaya da matsayin ƙananan addinai

A watan Fabrairun 2025 ne wasu malaman addinin Buddha suka fara yajin cin abinci a garin Bodh Gaya na jihar Bihar, suna neman a damƙa wa mabiya addininsu ragamar wurin ibadar Mahabodhi, inda suka yi imanin cewa a nan ne Buddha ya samu wayewar ruhi.

Abin da suke ƙorafi a kai shi ne wata doka ta 1949, wadda ta kafa kwamitin kula da wurin mai mambobi takwas, huɗu mabiya Hindu, huɗu mabiya Buddha, tare da babban jami'in gwamnati na gundumar Gaya a matsayin shugaba. Har zuwa 2013, dokar ta wajabta cewa shugaban ya kasance ɗan Hindu.

Mabiya Hindu da dama na ɗaukar Buddha a matsayin ɗaya daga cikin siffofin da abin bautarsu Vishnu ya bayyana a cikinsu, don haka suna ganin su ma suna da haƙƙi a wurin. Mabiya Buddha ba su yarda da wannan fassara ba.

Tushe guda

Taƙaddamar ta wuce batun gini. Addinan Hindu da Buddha da Jain da Sikh duk a yankin Indiya suka tsiro, kuma sun yi tarayya a aƙidar cewa ana sake haihuwar mutum bayan mutuwa gwargwadon aikinsa. Amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ƙidayar 2011 ta nuna cewa Hindu ne kusan kashi 80 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, Sikh kashi 1.7, Buddha kashi 0.7, Jain kuwa kashi 0.4.

Wani bayani a sashe na 25 na kundin tsarin mulkin ƙasar ya sanya sauran ukun ƙarƙashin kalmar Hindu, haka ma dokar auren Hindu ta 1955. Sai a 2012 aka gyara doka domin 'yan Sikh su riƙa rajistar aure da sunan addininsu, yayin da 'yan Jain suka samu matsayin tsiraru a matakin ƙasa a 2014.

Riba da hasara

To sai dai wannan dangantaka ba ta rasa amfani ba. Guraben karatu da na aikin gwamnati da aka keɓe wa 'yan ajin ƙasa na Dalit a 1950 sun taƙaita ne ga mabiya Hindu, kafin a shigar da 'yan Sikh a 1956, da mabiya Buddha a 1990. Ba a shigar da Dalit Musulmi da Kirista ba.

Galibin mabiya Buddha a Indiya 'yan Dalit ne da suka bi sahun B.R. Ambedkar, jagoran tsara kundin tsarin mulkin, wanda ya fice daga Hindu a 1956 domin guje wa wariya. A wurinsu, barin 'yan Hindu a kwamitin Mahabodhi tamkar mayar da su gidan da suka baro ne.

Wannan ne ya sa da wuya gyaran dokar 1949 kaɗai ya kashe wutar, muddin ƙananan addinan na ganin ana kiransu 'yan uwa ne alhali ana yanke hukunci a madadinsu.