Ƙwanson Ciyawar Teku da Begen Masu Ciwon Suga

Duk wanda ke da mai ciwon suga a gida ya san ɗawainiyar allurar insulin: ga tsada, ga neman wuri mai sanyi da za a ajiye ta a garin da wuta ba ta zama. Wannan ne ya sa na daɗe ina bibiyar wani bincike da ya samo asali daga bakin teku.

A 1881 wani masanin sinadarai ɗan Birtaniya mai suna Stanford ya tatso wani abu mai yauƙi daga ciyawar teku, wanda yau ake kira aljinet. Idan aka narkar da shi, aka riƙa ɗiga shi cikin ruwa mai ɗauke da kalsiyam, kowane ɗigo yakan sandare nan take ya zama ɗan ƙwanso mai laushi. Duk abin da aka gauraya da shi tun farko, magani ne ko ƙwayar halitta, sai ya wayi gari a kulle. Ba a buƙatar zafi, don haka mai rai yakan ci gaba da rayuwa a ciki.

A 1980 Franklin Lim da Anthony Sun suka kulle ƙwayoyin da ke samar da insulin a irin wannan ƙwanso, suka dasa wa ɓeraye masu ciwon suga. Hikimar tana cikin ƙananan kafofin ƙwanson: suga na shiga, insulin na fita, amma dakarun garkuwar jiki, waɗanda ba su ƙyale baƙo, sun fi ƙarfin ƙofar. Sugan ɓerayen ya daidaita na mako biyu zuwa uku.

Daga nan sai jiki ya sake dabara. Tunda ya kasa shiga, sai ya lulluɓe ƙwanson da nama irin na tabo, ƙwayoyin ciki su rasa iska su mutu. Fiye da shekara arba'in ke nan ana fama da wannan, kuma har yau dabarar ba ta zama magani na yau da kullum a asibiti ba. (Masu girki ma sun riga likitoci cin moriyarta, Ferran Adrià na Sifaniya ya yi suna da ita.) Saboda haka nake roƙon mai karatu, kada labarin "an gano magani" ya sa kowa ajiye allurarsa.

Abin da ke damuna shi ne ɗalibanmu na kimiyya da ke haddace wannan a takarda, alhali gwajin farko bai wuce sirinji ɗaya, kofi biyu da garin sinadarai biyu ba.