Goɗiya Ɗaya, Likitoci Goma: Wa Ya Kashe Dukushin?

Maƙalar wannan makon ba za ta yi wa wasu daɗi ba, kuma mu da muka rubuta ta muna cikin masu laifin da za mu faɗa.

A ƙarshen daminar da ta wuce, a wani ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe, goɗiyar wani dattijonmu ta kwanta ciwo da cikin wata tara. Kili ce mai lafiyar hali, wadda yara ke riƙe wa ragama ba ta taɓa harbi ba. Ta bar cin dusa, jikinta ya yi zafi, farin idonta ya koma rawaya, fitsarinta ya yi duhu kamar ruwan shayi. Sai a rana ta uku muka kira likitan dabbobi. Ya zo, ya duba gindin wutsiya da cikin kunne ya ga kaska, ya ɗebi jini, ya ce cutar jini ce irin wadda kaska ke sa wa dawaki. Ya yi mata allura gwargwadon nauyinta, ya sa mata ƙarin ruwa, ya ce zai dawo bayan kwana uku. Kafin ya hau mota ya bar mana magana ɗaya: inuwa, ruwa mai tsabta, ɗanyar ciyawa, a rage hatsi, kada kowa ya ba ta wani magani.

Bai kai Dogon Daji ba turken ya zama asibiti. Wannan ya jiƙo kanwa. Wancan ya zo da man gyaɗa a kwalba, aka ɗaga mata kai aka ɗura. Da daddare wani ya fito da allurar sammore daga aljihu, ya ce, "Baba, wagga ita muka yi ma shanunmu, kwana guda sunka tashi." Baba ya ji nauyin ya ce a'a, mu kuma da ke tsaye muka yi shiru. A dare na uku, kafin likita ya dawo, ta yi ɓari. Dukushi namiji, gashi ya riga ya fito masa. Da gari ya waye, abin da ake faɗa a majalisa shi ne: "Allurar likita ce ta zubar da cikin."

Wannan maganar ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Gaskiya ne, cutar kaska da zazzaɓi mai zafi suna iya zubar da cikin goɗiya ko da ba wanda ya taɓa ta. Amma mutum goma sun sa hannu a jikin dabba ɗaya, tara daga cikinsu ba da izini ba, sannan aka ɗora laifin a kan ɗaya tak da ya yi karatun abin. Wannan ba adalci ba ne. Kuma muddin muna yin haka, gobe ma wata goɗiyar za ta bi sahu.

Abu na farko da ya kamata ya shiga kunnenmu: doki ba sa ba ne. Mu mutanen shanu ne, mun san shanu, shi ya sa muke zaton abin da ya tayar da saniya zai tayar da goɗiya. Ba haka Allah ya halicce su ba. Doki ba ya amai, abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan. In aka ɗaga masa kai aka ɗura mai da ƙarfi, man yana iya bin maƙogwaron numfashi ya sauka a huhu, ya haifar da ciwon da ya fi na farko muni. Shi ya sa likita ke zura roba ta hanci har ciki kafin ya zuba komai. Allurar sammore da shanu ke ɗauka lafiya, a jikin doki tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙarama ce. Allurar nan mai ruwan ɗorawa da ake yi wa shanu a kowace kasuwa tana iya jawo wa doki zawo mai kisa. Ita kuwa allurar naƙuda, in ta shiga jikin goɗiya mai tsohon ciki, aikinta za ta yi, ko lokaci ya yi ko bai yi ba. Mai tallar magani a faranti ba ya tambaya ko dabbar na da ciki. Kuɗinsa yake karɓa.

Abu na biyu: goɗiya mai ciki rai biyu ce. Tana ɗaukar ciki kusan wata goma sha ɗaya, kwana 340 ko kusa da haka, kuma a watanni ukun ƙarshe ne ɗan ke yin mafi yawan girmansa. Duk maganin da likita zai zaɓa, sai ya auna shi da uwar da kuma abin da ke cikinta. Idan muka ƙara namu a ɓoye, mun rushe masa lissafi. Idan kuma ya dawo muka ɓoye masa abin da muka yi don kunya, mun sa shi yana laluɓe cikin duhu. Ko ka yi kuskuren, faɗa masa, ka nuna masa kwalbar.

Wani zai ce, to in an hana mu ba da magani, me ya rage mana? Jinya ta rage, kuma ita ce rabin waraka. Likita na yin awa ɗaya a turke, sauran awa 23 namu ne. A sa mutum ɗaya ya zama majinyaci, shi kaɗai ke ba ta abin da likita ya rubuta, a kan lokaci, har ya ƙare, ba a daina don ta fara cin ciyawa ba. A sayi ma'aunin zafin jiki, bai kai kuɗin buhun dusa ba. Zafin lafiyayyen doki yana tsakanin 37.5 da 38.5, zuciyarsa kuma tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya in yana hutawa. A auna safe da yamma a rubuta a littafin makaranta: bokiti nawa ta sha, sau nawa ta yi kashi, ta ci ko ba ta ci ba. In ta fara tonon ƙasa da ƙafa, tana waiwayen cikinta, tana birgima, a kira likita nan take. In hantsarta ta cika ko nono ya fara ɗiga alhali watan haihuwa bai kama ba, wannan ƙararrawa ce. In kuma ta haihu ko ta yi ɓari, mabiyiya ba ta faɗo ba har awa uku, kada a ja ta da hannu, kada a jira safiya. Saniya na iya jure wannan, goɗiya ba ta jurewa. Wannan ce ta kusa kashe Kilin Baba bayan ɓarin.

Mun san amsoshin da za su biyo baya. Na farko: "Kakanninmu sun riƙe dawaki ba likita." Sun riƙe, amma suna da Shamaki da barorin barga waɗanda ke kwana da doki, suna gane ciwonsa daga yadda ya tsaya. Kuma ba su da sirinji a aljihu. Mu mun saki haƙurinsu, ba mu kama ilimin likita ba, muka tsaya a tsakiya da allurar shanu.

Na biyu: "Likita tsada." Mu ji tsoron Allah. Mu ne muke ɗinka wa ingarma kayan ado na hawan Sallah, mu sabunta sirdi da linzami don sukuwar yini ɗaya. Goɗiyar da ta haifi ingarman kuwa tana bayan gida a rana, ba wanda ke yi mata kirari. Idan ta mutu da ciki, an yi asarar uwa, an yi asarar ɗa, an yi asarar shekara guda. Araha ba ta ado.

Na uku: "Likita na da nisa." Wannan kam gaskiya ce, ba za mu musa ba. Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana Sakkwato, kusan kilomita ɗari daga Tambuwal, na Kebbe kuwa sai ya ƙara tafiya, ga halin tsaro da ke hana tafiyar dare. Ba kowace goɗiya mai tsohon ciki za ta jure kwanciya a bayan mota ba. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da ma'aikatar lafiyar dabbobi ta jiha: a tabbatar akwai likita mazauni, da na'urar duba jini, da magungunan dawaki masu rajistar NAFDAC a kusa da mu. Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, muna fata a tuna cewa kiwo bai tsaya ga shanu da kaji ba. Su ma likitocinmu muna roƙonsu: ku rubuta umarni a takarda da Hausa, ku ɗauki waya in an kira da tsakar dare. Shirunku ne ke buɗe wa mai faranti ƙofa.

Amma nisan Sakkwato ba shi ya ɗura man gyaɗa ba. Mu ne. Nauyin baki ya hana mu ce wa maƙwabci "mayar da allurarka aljihu," kuma dukushi ya biya kuɗin kunyarmu.

Kili ta tashi, alhamdu lillahi, amma har yanzu ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Duk mai goɗiya mai ciki a Tambuwal, Jabo, Sanyinna, Kuchi ko Kebbe, ya nemi lambar likita yau ya adana tun tana lafiya, ya kuma zaɓi wanda zai yi jinya tun ciwo bai zo ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda ya ga mun yi kuskure ya gyara mana a ƙasa cikin mutunci. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin dabbobin da ke turakunmu, waɗanda ba su da bakin kai ƙara sai gare Shi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.