Dandalin Kwamfuta: Harafi ɗaya na iya shigo maka da ɓarawo

 Duk wanda ya fara koyon rubuta manhaja da harshen Python zai lura cewa ba komai ne mutum yake rubutawa da kansa ba. Wasu sun riga sun rubuta ƙunshin umarni na yin lissafi, zana jadawali ko ɗauko bayanai daga intanet, sun ajiye su kyauta a wata babbar ma'ajiya mai suna PyPI. Ɗan aiken da ke ɗauko maka su shi ne pip, wanda tun fitowar Python 3.4 a shekarar 2014 yake zuwa tare da harshen.

Amfani da shi ba wuya. Ka buɗe tagar umarni, ka rubuta pip install requests, sai ya sauko da requests haɗe da sauran ƙunshin da take dogaro da su, kamar urllib3. Da pip list za ka ga abin da ke kan kwamfutarka, da pip uninstall kuma ka cire wanda ba ka so.

To, amma pip ba ya tambaya. Sunan da ka rubuta shi zai kawo. Kowa kuma na iya ɗora ƙunshi a PyPI. A shekarar 2017, hukumar tsaro ta ƙasar Silobakiya ta gano ƙunshin bogi da aka raɗa wa sunaye masu kama da na gaskiya. Ɗaya daga ciki shi ne urlib3, mai harafin l guda ɗaya. Wanda ya yi kuskuren rubutu ya sauke shi, sai ya tura sunan mai kwamfutar da na na'urar zuwa wani waje a ɓoye.

Don haka, kwafi sunan ƙunshi daga shafin masu shi, ka sake karanta shi kafin ka danna Enter. A kwamfutar makaranta, nemi izinin malami tukuna. Sannan ka rubuta python -m venv aikina don ka samu keɓaɓɓen wuri, ka kunna shi, yadda abin da ka sauke ba zai dagula aikin abokanka ba.

Aikin wannan mako: rubuta pip show requests, ka gano ƙunshi nawa take dogaro da su. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.